Yadda Za Ka Koya Wa Mahaifiyarka Ko Mahaifinka Gyara Tsofaffin Hotunan Gida Da Waya

Yawancin waɗanda na ga sun gwada wannan aiki tun a zama na farko suke ɓata shi, domin da zarar dattijuwa ta yi jinkiri wajen danna wani abu, sai ɗan ya karɓe wayar ya yi da kansa, ita kuma ta koma 'yar kallo. Saboda haka wayar ta zauna a hannunta, kai kuma bakinka kaɗai zai yi aiki. Ka ƙara mata girman rubutun allo, ka ajiye manhajoji biyu kacal a inda za ta gan su, wato PhotoScan da Snapseed, waɗanda duk na Google ne kuma kyauta ne. Hoto ɗaya ya isa a zama ɗaya.

Hoton da ya shekara talatin a ƙasan adaka ya sha ƙurar hunturu da laimar damina, wani ma gara ta ci gefensa. A kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, kada ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa shi. Idan ya manne da gilashin firam, a bar shi yadda yake a ɗauke shi ta cikin gilashin, domin ɓamɓarowa na iya barin fuskar mutum a jikin gilashin.

A shimfiɗa hoton a kan tebur a inuwa mai haske, da hantsi ya fi kyau. PhotoScan, wadda ta fito a 2016, za ta nuna fararen ɗigo huɗu, sai a kai wayar kan kowanne a tsaya kaɗan, ita kuma ta haɗa su ta cire ƙyallin takarda. Hannun dattawa yakan yi rawa a nan, don haka ta dafa gwiwar hannunta a kan teburin. A juya bayan hoton a ɗauka shi ma, saboda hatimin mai hoto da kwanan wata. Ƙananan hotuna irin na fasfo kuwa gara a kai su shagon kwamfuta a sa a sikana, a ce wa mai shagon ya sa ma'aunin ingancin hoto (dpi) a kan 600, ko da zai ƙara kuɗi kaɗan.

Kafin a taɓa komai, a ajiye wannan kwafi na farko a wuri dabam, kada a yi gyara a kansa. Idan za a tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, don turawa ta al'ada tana matse hoto ta rage masa inganci.

A wajen gyaran fuska na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Na sa hoton kakata a wata manhaja irin waɗanda ke gyara fuska da dannawa ɗaya, ya fito sumul kamar jiya aka ɗauka, na miƙa wa mahaifiyata ina murna. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan ba Inna ba ce, ina billenta?" Manhajar ta ɗauki billen da ke kumatun kakata a matsayin karce ta share shi, ta kuma sauya mata idanu, domin irin waɗannan manhajoji ƙirƙiro fuska suke yi daga fuskokin wasu mutane idan ta ainihin ta dusashe. Ni ban lura ba, tun da ban taɓa ganin kakata da idona ba. Dalilin ke nan da ya sa gyaran fuska ya zama aikin wanda ya san mai fuskar.

A Snapseed, ka nuna mata maɓallin share tabo, wanda ke da alamar filasta. Ta buɗa hoton da yatsu biyu har tabon ya yi girma sosai, sannan ta ɗan taɓa shi sau ɗaya, kada ta ja yatsa, don jan yatsa yana kwaso hanci ko kunne ya liƙa a inda bai dace ba. Ta fara koyo a kan bango da tufafi kafin ta zo fuska. Duk tabon da ke fuska ka tambaye ta, "Umma, wannan karce ne ko zane ne?" kuma abin da ta ce shi za a bi. Idan ta danne hoton da yatsa za ta ga yadda yake a da, ta saki ta ga gyaran.

Haske da duhu a ƙara su kaɗan kaɗan. Hoton da yake baƙi da fari ni dai ba na yarda a sa masa launi, domin na'ura ba ta san kalar zanin da aka ɗaura ran nan ba. A ajiye gyararren a matsayin sabon kwafi, a sa masa sunan mai hoton da gari da shekara idan an tuna, a ɗora a Google Photos inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta, sannan a wanke guda ɗaya a ba ta ta riƙe a hannu.