Wane kiɗan fiyano na gargajiyar Turawa za ka fara koya?

Wani ƙanena a nan Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura, ya zo min da waya yana cewa yaya wallahi wannan nake so in iya kafin sallah, na duba sai na ga kashi na uku na Moonlight Sonata ne na Beethoven, yaron da ko wata huɗu bai yi da fara taɓa fiyano ba. Na ce masa Malam zauna tukuna.

Matsalarmu a nan hannun hagu ce. Yawancinmu da fiyanon sutudiyo muka saba, irin Yamaha ɗin nan da za ka danna ya saki ganga da kansa, hagu ta dafe maɓalli uku ta yi zamanta, dama ce ke ta aiki. To a wancan kiɗan babu mai taya ka, hagu ma tana da nata zancen daban. Don haka kafin ka zaɓi kowane kiɗa fara duba layin ƙasa na takardar kiɗan, wanda shi ne na hannun hagu, in ka ga ya cika baƙi ƙirin da notoci, wato alamomin sautin da za ka danna, ajiye shi sai wata shekara.

Ni inda nake cewa a fara shi ne Minuet in G, yana cikin littafin da Bach ya haɗa wa matarsa Anna Magdalena a 1725, kodayake daga baya an gano Christian Petzold ne ya rubuta kiɗan, ba Bach ba. Shafi ɗaya ne, ba ya buƙatar feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, kuma hagu tana tafiya a hankali tana koyon tsayawa da ƙafarta. Daga nan sai Burgmüller, yana da gajeru guda 25 da ya yi don 'yan koyo, Arabesque ce aka fi sani, tana da daɗin kunne har mutanen gida za su daina cewa ka dame su. In waɗannan sun zauna sai ka shiga sonatina ta Clementi, su shida ne, ta farkon ta fi sauƙi.

Für Elise kuwa tarko ce, na faɗa ciki ni ma. Farkonta da kowa ya sani a ringin ɗin waya ba wuya, sati uku ka haɗa shi, sai ka iso tsakiya inda yatsu ke gudu ka tsaya cak, shi ya sa za ka ga mutum shekara biyu yana maimaita rabin shafi kamar ɗan makarantar allo da ya maƙale a sura ɗaya. Haka Chopin, mutane na ganin Prelude ɗinsa na E minor a hankali yake tafiya sai su ce ai mai sauƙi ne, eh notocin ba yawa amma sai fiyanonka yana jin bambancin dannawa da ƙarfi da dannawa a hankali, kuma sai da feda.

Wato dai duba kayan aikinka. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, namu na nan galibi 61 ne, kuma masu arha ko ka danna da ƙarfi ko ka shafa sauti ɗaya ne. In irin wannan ne da kai zauna wajen su Bach da Clementi, yawancin ƙananan kiɗansu za su shige ba matsala.

Gwajin da nake yi kafin in ɗauki sabo: in buɗe layi biyu na farko, kowane hannu shi kaɗai, a hankali sosai. In na yi rabin awa ban iya haɗa ko layi ɗaya ba to ya fi ƙarfina yanzu. Kuma kar ka riƙe fiye da biyu a lokaci guda, ɗaya mai sauƙi da za ka gama cikin sati biyu, ɗaya mai ɗan wuya.

Takardun kyauta suke a shafin intanet na IMSLP tunda masu su sun daɗe da rasuwa. Ka je wajen masu fotokwafi a buga maka a takarda, karatu a waya ga hannu biyu a kan fiyano ga nepa na wasa da caji ba ya yiwuwa. Ƙanen nawa yanzu yana layi na uku na Minuet, har yanzu dai yana min ƙorafi.