Ɗalibin bincike, ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa maka ƙofa

Rajista da katin ɗalibi, kwana biyu an gama. Abin da ke karya sababbin zuwa jami'o'in Birtaniya shi ne shirun da ke biyo baya. Makon maraba na watan Satumba don 'yan digirin farko aka tsara shi. Kai da ka zo digiri na uku ba ka da aji, wataƙila ma a Janairu ka sauka. Sai a nuna maka teburi a lungu, ka yi wata uku ba wanda ya riƙe sunanka.

Mutanenmu akwai naci, wannan ba a ƙwace mana. Amma kunyar nan ta "kada in dami malam" ita ke cin mu. Malamin da ke duba aikinka in ya ji shiru, ɗauka yake komai lafiya. Tun makon farko ku tsayar da ranar ganawa, aƙalla sau ɗaya a wata. Saura kwana uku ka tura masa shafi biyu ko uku, ko da ɗanye ne. Da kun tashi, rubuta abin da kuka tsayar cikin layi biyar, ka aika masa ta imel, ka kuma shigar a kundin jami'a. Kada ka yi sake da wannan. Da rubutun ganawar nan jami'a ke nuna wa hukumar shige da fice cewa mai bizar karatu yana kan karatunsa, kuma da shi za ka kare kanka ranar tantancewar shekarar farko in aka ce aiki bai yi nisa ba. Malami na biyu mai duba aikin kuwa, wasu sai ranar tantancewar suke fara ganin fuskarsa. Haba!

Taron gabatar da bincike na sashenku, je ko da batun ba naka ba ne. Tanadi tambaya guda, ka dakata minti goma bayan an watse. A tsaye ake jin labarin kuɗin halartar taro da gurbin koyarwa. Ka leƙa ofishin ɗaliban bincike ka tabbatar an sa ka cikin jerin imel na sashe, don akan manta.

In jami'arku na gasar bayyana bincike cikin minti uku, wadda Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya ta fara a 2008, shiga, mutanen wasu sassa za su san ka. In gurbin koyarwa ya faɗo, ƙirga sa'o'inka: biza ba ta yarda ka wuce 20 a mako ba lokacin zangon karatu.