Babi na 5: Yadda za ka yi doguwar tafiya a keke ba ka sare a hanya ba

Jama'a wannan babin na masu keke ne da suke son fita yawon motsa jiki mai ɗan nisa, ba zuwa kasuwa ko masallaci kaɗai ba. Ba sai kana da keken tsere ba, tsohon Raleigh ko Phoenix ɗinka ya isa in dai birki na kamawa. Ka tanadi littafin rubutu da biro da agogo, na hannu ko na waya duk ɗaya ne. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna ya sa ɗansa ko abokin zamansa ya karanta masa a hankali, ba abin kunya ba ne, dama koyo muka zo. Mai hawan jini ko ciwon suga, ko wanda ƙirjinsa ke ciwo in ya yi aikin ƙarfi, ya fara ganin likita kafin ya gwada komai a nan.

Darasi na 1: Gyara keken tukuna

Yawancin masu cewa gwiwa na damunsu sirdinsu ne ya yi ƙasa. Ga yadda ake aunawa. Ka jingina da bango ka hau keken. Ka juya feda ɗaya har ta sauka ƙasa iyakar saukarta. Ka ɗora diddigenka a kai, diddige fa na ce, wato bayan ƙafa. In ƙafar ta miƙe sak, sirdin ya yi daidai. In gwiwa ta lanƙwashe to a ɗaga shi. In kuma sai ka karkata ƙugu kafin ka taɓo fedar, ya yi sama da yawa a sauke. Diddigen nan na awo ne kawai, in za ka tuƙa da gaban tafin ƙafa za ka taka, wajen tushen yatsu. A jikin ƙarfen da ke riƙe da sirdin akwai wani layi da aka zana, kar a zaro ƙarfen har layin ya fito waje, yana iya karyewa.

Sai taya. A gefen tayar akwai lamba da haruffa uku, P da S da I, ka nemo su da yatsanka ka karanta, ka kwafe a littafinka. Wannan lambar ita ce iyakar iskar da tayar za ta ɗauka, ka nuna wa mai faci. Taya mai laushi tana shanye maka ƙarfi ba ka sani ba. Sarƙa kuma a goge ta da tsumma a ɗiga mata mai kaɗan, musamman da hunturu da ƙura ke cika ta.

Darasi na 2: Kar ka fara da gudu

To a nan ake yin ta. Duk wanda na ga ya kasa a ajin nan, kusan a nan ya kasa, saboda haka za ku ji ina ta nanatawa, ku yi haƙuri da ni.

In ka fito daga gida da sassafe jiki da ƙwari, iska na kaɗawa, titi ba kowa, zuciyarka za ta ce maka taka mana ai kana da ƙarfi. Kar ka biye mata. Ƙarfin farkon nan wutar kara ce, ta tashi bal-bal yanzu ta mutu. Minti 10 na farko ka tafi a hankali sosai har ka ji kamar wasa kake. Minti 10 shi ne dogon hannun agogo ya tashi daga kan 12 ya kai kan 2. Mai agogon waya in ya fita 6:30, to sai 6:40 ke nan.

Ta yaya za ka san kana tafiya daidai? Da bakinka. Ka buɗe littafinka ka rubuta wannan jimlar, ka sa sunanka da unguwarku:

Sunana wane, daga Tudun Wada nake, zan je Kawo in dawo.

Kana kan keken kana tuƙi sai ka faɗe ta a fili. In ta fita gaba ɗaya ba ka yanke ka ja numfashi a tsakiya ba, gudunka ya yi. In kuwa ka ce "sunana" sai haki, "daga Tudun" sai haki, gudu ya yi yawa, ka sassauta nan take, ba sai ka kai kwanar can ba. Ka jira numfashi ya dawo ka sake faɗa. A fili fa, ba a zuci ba. Akwai masu ce min malam ai na faɗa a raina, to a rai kowa ma zai iya ko da gudun mota yake. Baki za ka buɗe. Ba wanda zai ce ka haukace, 'yan acaɓa ma waƙa suke a hanya.

A nan Kaduna na taɓa fita da wasu 'yan ajinmu, wani bawan Allah ƙaƙƙarfa da shi ya wuce mu fuu tun kafin gadar Kawo yana kaɗa ƙararrawa yana dariya wai mun cika sanyin jiki. Ba mu kai Rigachikun ba muka same shi zaune a bencin mai shayi, rigarsa sharkaf, leɓe ya bushe ya yi fari, hannunsa na rawa har shayin na zuba a wandonsa. A Keke Napep aka ɗora kekensa. Dattijon da ke bayan kowa, mai furfura da tsohon keke da kwando a gaba, shi ya je ya dawo da ƙafarsa. Ba ƙarfi ya fi shi ba, bai yi gaggawa ba ne kawai.

Mai keke mai giya ya sa giya mai sauƙi, wadda ƙafa ke juyawa da sauri ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Mutane na son giya mai nauyi wai ita ce ta maza, ita ce kuwa mai cin gwiwa da cinya. In kana so ka gwada, a fili inda ba mota ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ta taso cikin daƙiƙa 15, in ta kai wajen 20 ya yi kyau. Wanda kekensa ba giya, in ya zo hawa ya ji jimlar nan ta ƙi fita, ya sauka ya tura. Turawa ba faɗuwa ba ce.

Mu sake. Ka fito, minti 10 a hankali. Ka faɗi jimlar. Ta fita, ci gaba. Ba ta fita ba, rage. Bayan wani minti 10 ka sake faɗa. Wani ya wuce ka, ko yaro ne ɗan firamare, bar shi ya tafi, ba tare kuka fito ba. Wallahi abin na ba ni mamaki, mutum da iyalinsa da girmansa a faɗa masa yau a faɗa masa gobe, ya ce to malam na ji, jibi yaro ya gifta shi a titin Ali Akilu ya miƙe tsaye kan feda yana bin sa. Me za a ba ka in ka kamo shi? Sannan ka zo aji kana cewa keke ba naka ba ne, shekaru sun ja. Ba shekaru ba ne Alhaji, rashin jin magana ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin ka wuce darasi na gaba, ka rufe littafin ka faɗi jimlar sau uku. In ba ka haddace ba kar ka wuce.

Darasi na 3: Ƙari kaɗan-kaɗan

Da minti za mu riƙa auna tafiya, tunda ba kowa ke da abin auna kilomita ba. Ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa a shafin littafinka, ka samu gida uku. Gidan farko ka rubuta rana, na biyu minti nawa ka yi, na uku yadda ka ji, ko "daɗi" ko "wuya", kalma ɗaya ta isa.

Makon farko kwana uku za ka fita, ka bar kwana ɗaya a tsakani. Misali Talata minti 20, Alhamis minti 20, Asabar minti 30. Asabar ɗin ita ce doguwar, ita za ka riƙa ƙara wa minti 5 zuwa 10 duk mako, sauran biyun su ɗan biyo ta a hankali. Mako uku kana ƙari, na huɗu ka rage ka koma baya jiki ya huta, sannan ka ɗora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, ka ga cikin 'yan watanni ka kai har ka wuce.

Abin da ake mantawa, zuwa da dawowa ne. In minti 30 za ka yi, da ka cika 15 ka juyo. Rabi ke nan, 15 da 15. Masu cewa su Zariya za su je, kilomita wajen 80 ce daga nan, a tafiyar mai koyo ta fi awa biyar zuwa kaɗai, ku ajiye wannan maganar tukuna. Kuma ko a ranar doguwar tafiyar, minti 10 na farko a hankali, da jimlar nan. Na sake faɗa.

Darasi na 4: Ruwa da abinci

Kar ka fita da yunwa in tafiyar za ta wuce awa ɗaya. Koko da ƙosai biyu ko shayi da burodi ya isa, ba tuwo malmala uku ba. Ruwa kuma kar ka jira ƙishi, duk minti 15 zuwa 20 ka kurɓa. Fiya wata ɗaya rabin lita ce, ka lissafa aƙalla ɗaya duk awa, a watan Maris da Afrilu da rana ke ƙuna ka ƙara. Ledar kuma a aljihu, ba a titi ba. Tafiyar da ta haura awa ɗaya da rabi ka sa dabino ko ayaba a aljihu ka riƙa ci tun kafin jiri ya zo. In ka dawo ka ga fitsari ya yi ja, ruwa bai isa ba. Da azumi ba a doguwar tafiya da rana.

Darasi na 5: Hanya

Bayan asuba in gari ya waye shi ne lokaci. Ka riƙe hannun dama, ka sa riga mai haske da hular kwano. Mai koyo ya fara da titunan Unguwar Rimi da Malali ko wajen Murtala Square, ya bar baifas da Mararrabar Jos saboda tireloli. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, ka fara fuskantarta ta turo ka a dawowa. Ka riƙe famfo da kuɗin faci.

Darasi na 6: Hutu

Ranar hutu ka huta, ka yi barci sosai. Ciwon cinya na kwana biyu ba komai. Ciwon ƙirji ko jiri, ka sauka ka nemi asibiti.

Aikin gida: ka cike gidaje ukun nan na mako ɗaya ka kawo littafin aji. Wanda ya rubuta "wuya" duk kwana ukun ya koma darasi na 2 ya sake karantawa daga farko.