Yadda Na Gyara Addu'ata ta Asuba

Matsalata ita ce da zarar na durƙusa, sai hankalina ya tafi kan kuɗin makarantar yara da cefane, ko kuma barci ya ɗauke ni.

Na daina addu'a a kan gado. Ina fita tsakar gida, in bar waya a ɗaki, in karanta Zabura ɗaya a fili, don kunnena ya ji abin da bakina ke faɗa. Zabura 150 ce, ta ishe ni wata biyar. Daga nan sai in bi Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6, layi-layi, ina tsayawa a kan kowane. Wurin "abincin yini" nake ambaton cefanen nan da kuɗin makarantar, tun da dama su ke damuna.