Yadda Ake Gano Ƙwayar Cutar Gudawa Ta Hanyar Shuka Ta A Farantin Gwaji

Bayan gidan ɗan Adam cike yake da bakteriya iri-iri, kuma galibinsu mazauna hanji ne da ba sa cutarwa. Aikin ma'aikacin ɗakin gwaji shi ne ya tsamo masu haddasa cuta, kamar Salmonella, Shigella da Vibrio cholerae mai kawo kwalara, daga cikin wannan cunkoso. Don haka ake shuka samfurin a kan abinci na musamman da aka daskarar a faranti: akwai mai tacewa, wanda ke hana ƙwayoyin da ba a nema tsirowa, akwai kuma mai bambancewa, wanda ke sa kowane rukuni ya fito da launinsa. Farantan da za a yi bayani a nan, wato MacConkey, XLD da TCBS, suna yin aikin biyu gaba ɗaya. Sanin wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne a Najeriya, ƙasar da aka samu fiye da mutum dubu ɗari da ake zargin sun kamu da kwalara a 2021, akasarinsu a jihohin Arewa irin su Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara.

Da farko a kula da samfurin. A karɓi bayan gidan a mazubi mai tsafta wanda fitsari ko ruwa bai taɓa ba, a kawo shi cikin awa biyu, domin Shigella ba ta jure jira. Idan daga asibitin karkara za a aiko, a tsoma tsinken auduga a cikin samfurin a nutsa shi a kwalbar Cary-Blair, wato abincin ajiya da ke riƙe ƙwayoyin da rai a hanya. A tambayi majiyyaci ko ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, tun da mutane da yawa sai sun bi ta kemis kafin su iso asibiti, kuma hakan na iya hana komai tsirowa alhali cutar tana nan.

Mataki na biyu shi ne haɗa abincin. A auna garin daidai da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a dama da tataccen ruwa. MacConkey ana sa shi a tukunyar otokilef, mai kashe ƙwayoyi da tururi, a zafin digiri 121 na minti 15, amma XLD da TCBS tafasa su kawai ake yi har garin ya narke, domin zafin da ya wuce kima yana lalata sinadaransu. Idan ya huce zuwa kusan digiri 50 sai a zuba a faranti, a bari ya daskare, fuskarsa kuma ta bushe. Kowane sabon haɗi a gwada shi da ƙwayar da aka riga aka sani, kamar Escherichia coli ATCC 25922, a kuma kwana da faranti ɗaya ba tare da an shuka masa komai ba don a tabbatar bai gurɓata ba. A ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa saboda tsadar kaya, kuma tsallake shi yana sa duk sakamakon da ya biyo baya cikin shakka.

Sai shuka. A rubuta lambar majiyyaci a gindin faranti, ba a murfi ba. A ƙona wayar shuka har ta yi ja, a bari ta huce, a ɗebo daga wurin da ke da majina ko jini idan akwai. A shafa a kusurwa ɗaya, a sake ƙona wayar, a ja layuka daga wurin farko zuwa na biyu, haka har kashi huɗu, ta yadda a kashi na ƙarshe kowane tsiro zai fito shi kaɗai. A lokaci guda a sa ɗan samfurin a ruwan selenite, wanda ke danne sauran ƙwayoyin hanji ya bar Salmonella ta yawaita, a sake shukawa daga cikinsa bayan awa 12 zuwa 18. Idan kuwa gudawar tsinkakkiya ce kamar ruwan wankin shinkafa, a ƙara da farantin TCBS da ruwan peptone mai ma'aunin pH kusan 8.6, a shuka daga samansa bayan awa 6 zuwa 8, kafin sauran ƙwayoyi su cim ma Vibrio. A kife farantan a inkubeta mai zafin digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24. Inda wuta ba ta tsayawa, a riƙa duba ma'aunin zafi ana rubutawa, domin ƙanƙancin tsiro na iya zama laifin sanyi.

Washegari ne ake karatun farantan, kuma a nan ake bukatar natsuwa da haske mai kyau. MacConkey, wanda Alfred MacConkey ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, yana ɗauke da gishirin matsarmama da rinin crystal violet da ke hana ƙwayoyi masu Gram fozitif (rukunin bakteriya da ba shi ake nema a nan ba) tsirowa, tare da sukarin lactose da sinadarin da ke sauya launi idan tsami ya ƙaru. Ƙwayar da ta ci lactose tana fitowa ruwan hoda: E. coli a bushe, Klebsiella kuwa manya masu yauƙi waɗanda kan biyo waya idan an taɓa su. Waɗanda suka fito fayau ba launi su ne abin zargi, domin Salmonella da Shigella ba sa cin lactose. A kan XLD, wanda asalinsa ja ne, E. coli tana yin rawaya, Shigella ta tsaya ja, Salmonella kuma ja mai baƙin ɗigo a tsakiya, saboda iskar hydrogen sulfide da take fitarwa tana haɗuwa da sinadarin ƙarfe da ke cikin abincin. A kan TCBS, wanda kore ne, Vibrio cholerae tana cin sucrose ta fito rawaya, shimfiɗaɗɗiya mai sheƙi, faɗinta kamar milimita 2 zuwa 3, Vibrio parahaemolyticus kuma ta zauna kore.

Sai dai launi zato kawai yake bayarwa. Proteus, wata ƙwayar hanji, ita ma ba ta cin lactose kuma tana yin baƙin ɗigo, Salmonella Typhi kuwa ɗigonta kan yi ƙanƙanta ko ma a rasa shi. Saboda haka a zaɓi tsiro guda da ya keɓe, a taɓa samansa kaɗai da miƙaƙƙiyar waya, a soka a kwalbar Kligler ko TSI, mai abincin da ke nuna irin sukarin da ƙwayar ke ci, a kuma yi gwajin urea da na motsi. Proteus tana mayar da urea ruwan hoda cikin 'yan awoyi, Salmonella ba ta yi. A kwalbar Kligler ko TSI, Shigella tana ba da ja a sama da rawaya a ƙasa ba tare da baƙi ba, kuma ba ta motsi. Rawayan tsiro na TCBS a fara sake shuka shi a kan abincin da ba ya tacewa kafin a yi gwajin oxidase, wani sinadari da Vibrio ke da shi, domin yin sa kai tsaye daga TCBS yana ba da amsar ƙarya. Idan oxidase ya nuna, a gauraya tsiron da ruwan gwaji na O1, mai gano nau'in Vibrio cholerae da ke kawo annobar kwalara, a kan gilashi, a duba ko ya dunƙule.

Bayan an tabbatar da sunan ƙwayar, a shimfiɗa ta a kan farantin gwajin magani na Mueller-Hinton, a jera faifan magunguna, a auna faɗin da'irar da kowane magani ya share don likita ya san wanda zai rubuta. Kwalara kuwa ba a jira da ita: a sanar da likita da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take, a adana ƙwayar don aikawa babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja. Duk farantin da aka gama da shi sai ya bi ta otokilef kafin a zubar.