Yadda Ake Ɗaukar Hoton Walƙiya Lokacin Hadari

Ba a kama walƙiya da saurin yatsa. Kafin ka danna maɓalli ta riga ta ɓace. Tarko ake ɗana mata: ka buɗe idon kyamara ka bar shi, ita da kanta za ta faɗo ciki.

Da farko nemi wuri. A ƙasar Hausa hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa, don haka tagar da ke kallon gabas ta fi, wadda babu hasken fitilar titi a gabanta. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan magariba, hadari yana nesa yana ta walƙiya, iska da ƙura ba su iso ba tukuna.

Sai ka kafa kyamara a kan ƙafarta mai ƙafa uku. In babu, ɗora ta a bakin taga ka tokare ta da tsumma, ko kaɗan kada ta motsa.

Juya ta zuwa M, inda kai ne mai saiti. ISO (wato ƙarfin karɓar haske) 100, buɗin ido f/8 zuwa f/11, tsawon ɗauka daƙiƙa 10 zuwa 30. Kashe filasha. Saita gani da hannu a kan wata fitila mai nisa, domin a cikin duhu kyamara lalube take yi, nan ne da yawa suke asarar hoto. Sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada dannawa ta girgiza ta. Ka bar bishiya ko hasumiyar masallaci a ƙasan hoton. Walƙiya ita kaɗai a baƙin sama ba ta da armashi. Mai waya ya duba saitin Pro, ko ya ɗauki bidiyo ya tsamo hoton daga baya.

Amma fa aradu ba abokiyar wasa ba ce. Ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: duk daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, rufe taga ka ja baya, kuma kada ka fita sai an yi minti 30 da tsawar ƙarshe. Saman bene, fili da gindin bishiya, kul! Cikin gini ko mota mai rufin ƙarfe kawai.

Daga nan sai ka yi ta ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu baƙi ƙirin za su fito. Kada ka tsaya gogewa hadari na ci, bari sai da safe.