Kurakuran da ɗaliban fim suka fi yi wajen kallon manyan finafinan kasada da soyayya

Da zarar ɗalibin fim ya shiga shekara ta biyu, ya haddace sunayen wasu daraktocin Faransa da Rasha, sai ya fara jin kunyar finafinan da suka jawo shi harkar tun farko. Ka ambaci Titanic, ya taɓe baki ya ce ai fim ɗin kasuwa ne. Wannan rainin shi ne kuskuren farko, kuma sauran a bayansa suke. Fim ɗin da James Cameron ya fitar a 1997 ya ci kusan dala miliyan 200, tsawonsa awa uku da minti 14, kuma duk wanda ya sayi tikiti ya riga ya san jirgin zai nutse. Duk da haka mutane suka zauna har ƙarshe, wasu suka koma sau biyu sau uku. Ruwa ba ya tsami banza. Aikin ɗalibi ya gano dabarar da ta riƙe su a kujera, ko da shi fim ɗin bai kwanta masa ba.

Wahalar ita ce irin waɗannan finafinai an gina su ne don kada a ga aikin da ke cikinsu. Labari ya kwashe ka, ka manta akwai kyamara. Shi ya sa wanda ya kalla sau ɗaya ya zauna rubuta sharhi ba ya fito da komai sai maimaita labari: wane ya so wance, ubanta ya hana, bos ya mutu. Wannan ba nazari ba ne, hira ce ta majalisa. Gyaran shi ne kallo uku. Na farko a bar fim ya yi aikinsa, ba biro ba takarda, sai dai bayan an gama a rubuta wurare uku ko huɗu da gaba ya faɗi ko ido ya kawo ruwa. Na biyu da agogo a hannu, ana rubuta mintin da kowace fitowa ta fara da abin da ya canja a cikinta. Na uku kuwa ba fim ɗin duka ba, waɗannan wuraren kaɗai, ana tsayarwa ana komawa baya.

A kallo na biyu ne abin mamaki ke fitowa. A farkon Titanic, kafin a shiga labarin 1912, wani ma'aikacin jirgin bincike yana nuna wa tsohuwa Rose zanen kwamfuta na yadda jirgin ya nutse: ruwa ya cika ɗakunan gaba, ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, goshi ya nutsa, baya ya ɗaga sama, jirgi ya karye biyu, sannan bayan ya miƙe ya shige. Mai kallon farko yana ɗauka an sa wannan ne don a nuna rashin tausayin mutumin. Gaskiyar magana darasi aka ba 'yan kallo. Bayan awa biyu, lokacin da fitilu ke mutuwa mutane na ihu, babu wanda ke buƙatar bayani, kowa ya san abin da ke tafe, kuma sanin ne ke tayar da hankali. Haka yawon da Rose da masoyinta Jack suke yi daga benen masu kuɗi zuwa ɗakin rawar talakawa, zuwa wurin tukunyar gawayi da ma'ajiyar kaya. A ido soyayya ce, a aikace taswirar jirgin ake zana maka, don idan ruwa ya shigo ka san wane ne a sama wane ne a ƙasa. Har lissafin kwale-kwalen ceto an sa Rose ta yi da bakinta tun rana tana sama, mai ƙera jirgin ya tabbatar mata cewa kusan rabin mutane kawai za su ɗauka. Ga abin da za ka yi da kowane fim: ka raba takarda gida biyu, hagu ka rubuta abin da aka shuka da mintinsa, dama ka rubuta inda aka girbe shi. Idan layin hagu ya tsaya ba abokinsa a dama, ko dai ka yi gyangyaɗi, ko an yanke wani abu a wurin tacewa.

Kuskure na gaba kalmomi ne marasa nauyi: "fitowar tana da sauri", "kyamara ta yi kyau". Sauri abu ne da ake ƙirgawa. Zaɓi minti uku na tsere ko faɗa, ka yi ɗigo a takarda duk sanda hoto ya yanke ya koma wani, sannan ka raba daƙiƙa 180 da yawan ɗigon. Idan ka sami 60, kowace ɗauka tana zama daƙiƙa uku ke nan. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 ɗauka a finafinan Hollywood kan kai daƙiƙa 8 zuwa 11, daga baya ta yi ta raguwa. Amma kada lambar ta rude ka, don yawan yanka ba shi ne ruɗani ba. Mad Max: Fury Road na 2015 yana yanka kamar ana yayyafi, kuma ba a ɓata, saboda darakta George Miller ya sa an riƙa ajiye abin da ake so a gani a tsakiyar allo, ido ba ya farautar komai bayan kowace yanka. Margaret Sixel da ta tace shi ta karɓi Oscar a kan wannan aikin. Idan fitowar faɗa ta rikita ka, ɗora yatsa a kan allo inda idonka yake, ka ga ko yanka ta gaba ta tilasta maka ɗaga shi. Sau da yawa laifin nan yake.

Sai kunne. Yawancin ɗalibai kallo suke yi kamar kurame, in ban da waƙa. Kalli fitowa ɗaya a kashe sauti, sannan ka sake ta ido a rufe. A Jurassic Park na 1993, harin da babbar dabbar dinoso ta kai wa motar da yara ke ciki ana ruwan sama babu kiɗa ko kaɗan, daga ruwa a kan rufin mota sai takun da ke girgiza ruwan kofi sai numfashi. A Jaws na 1975 kuwa darakta Spielberg da mai kiɗa John Williams sun koya wa 'yan kallo cewa sautin nan mai amo biyu yana nufin kifin shark mai cin mutane ya iso. Da wasu yara suka yi wasan tsoratarwa da ƙirar bayan kifi ta ƙarya, kiɗan bai tashi ba, fim bai yi maka ƙarya ba. Can gaba, da ka gama yarda da ƙa'idar, sai kifin ya ɓullo bayan jirgi ba sallama. Wanda bai saurara ba zai ce "an firgita mu" ya tsaya nan. A ɓangaren ido kuma, darakta Steven Soderbergh ya taɓa cire launi da maganganun Raiders of the Lost Ark a 2014, don a ga cewa tsayuwar 'yan wasa da inda aka dasa kyamara kaɗai sun isa ba da labarin. Kowa zai iya kwatanta haka: rage launin talabijin zuwa sifili, kashe murya.

Duk wannan ba zai yiwu da kwafin da ya lalace ba. Fim ɗin da aka matse aka tura a waya, an datse gefensa don ya cika allo, duhunsa ya zama tabo-tabo, ba shi ne wanda aka ɗauka ba. Titanic allonsa mai faɗi ne, kusan 2.39 a kan 1, shi kuwa Jurassic Park 1.85 ne, wanda ya bar wa dabbobin tsayi. Idan aka datse, mutum biyu da aka tsayar nesa da juna da gangan sai ɗaya ya ɓace. Finafinan da aka fassara da Hausa suna da daɗinsu, kuma sana'a ce mai zaman kanta da ta cancanci nazari, amma muryar mai fassara takan danne sautin asali, wani lokaci ta cike shirun da darakta ya bari da niyya. Don nazari a nemi na asali mai rubutu a ƙasa, a sa abin sauraro a kunne.

A soyayya an fi yin tuya a manta da albasa. Ɗalibi zai rubuta "jarumin da jarumar sun dace", kamar dacewa daga sama ta faɗo. Gina ta ake yi, da tazara da kallo da jinkiri. Lura da lokacin da aka fara haɗa su a hoto ɗaya maimakon kowa a nasa, wa ya fara kawar da kai, daƙiƙa nawa kyamara ta tsaya a fuskar mai sauraro ba mai magana ba. Sannan ka tambayi abin da ya fi komai: me ya hana su? Fim ɗin soyayya ƙarfinsa a shingen yake. A Titanic shingen yana cikin fitowar da uwar Rose take ɗaure mata rigar ciki, tana jan igiya tana faɗa mata mahaifinta bashi ya bar musu, ba su da komai sai suna. Kowace kalma da jan igiya, numfashin yarinyar na ƙara tsukewa. Ba a buƙaci wani ya ce an matsa mata ba.

Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya fi nuna wannan. Da uban jarumar, Simran, aka buɗe fim, yana ba tantabaru hatsi a Landan yana kewar Punjab, kuma masoyinta Raj ya ƙi gudu da ita sai da yardar uban. Ke nan zuciyar da labarin ke jiran ta juya ta tsohon ce, ba ta masoyan ba. Hannun da Raj ya miƙa daga ƙofar jirgin ƙasa a farko shi ne ya sake miƙawa a ƙarshe, bambancin kawai a karo na biyu sai da uba ya saki nasa riƙon. Masu tsallake waƙoƙi kuma su daina. Rubuta inda masoyan suke kafin waƙa da inda suke bayanta, za ka tarar sau da yawa an yi tafiyar watanni a minti biyar. Kuma kada a ɗauko ma'aunin raba labarin fim kashi uku (farko, tsakiya, ƙarshe) na littafin Syd Field na 1979 a dinga cusa irin wannan fim a ciki. Fim ɗin Indiya da hutun tsakiya ake gina shi, babban juyi yana faɗowa ne dab da a kunna fitila a fita sayen abin taɓawa, rabi na biyu kuma kan zo da sabon wuri da sabuwar matsala.

Gardamar ko katakon da Rose ta hau a kan ruwa a ƙarshen Titanic zai ɗauki mutum biyu, a bar wa masu shayi. Tambayar ɗalibi ita ce me ya sa ba ta zo wa kowa a rai ba sai bayan an fito.

Akwai kuma ɗabi'ar jingina komai ga darakta. A Jaws, kifin roba da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole aka koma nuna gangunan rawaya da yake ja a maimakonsa. Verna Fields da ta tace fim ɗin da Williams duk sun sami Oscar, Spielberg ko cikin jerin 'yan takarar darakta bai shiga ba a shekarar. Saboda haka a bar sunayen ƙarshe su gama wucewa, a rubuta mai ɗaukar hoto, mai tacewa, mai tsara sauti da mai kiɗa, sannan a nemi wani aikin ɗayansu tare da wani darakta daban a gwada. Abin da ya biyo shi can, nasa ne.

Hanya mafi arha ta tabbatar da cewa ka gane fitowa ita ce ka sake ɗaukarta. Zaɓi minti ɗaya na hirar masoya, zana kowace ɗauka a akwati, da kibiya mai nuna inda kowa ke kallo. Sami abokai biyu da waya ɗaya, ja layi a ƙasa tsakaninsu, kada kyamara ta tsallaka shi, in ba haka ba a allo za su zama kamar gefe ɗaya suke fuskanta. Haɗa hotunan daidai da tsawon na asali, sannan ka yi kwafi na biyu da aka rage rabin daƙiƙa daga kowane shiru, ka kunna su a jere.